Sirace, Hayaƙi da Feshin Magani: Matsayin Magungunan Shaƙa a Jinyar Ciwon Haƙarƙari na Yara

Gabatarwa

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai tari da mura su bazu a gidajen karkara. A ƙauyukan da ke arewa da birnin Kano, irin na ƙasar Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa da Dambatta, abu na farko da akan yi wa yaro mai tari shi ne a dafa ganye a yi masa sirace, ko kuwa a barbaɗa magani a garwashi a turara shi. Sau da yawa yaron yakan warware cikin 'yan kwanaki, domin mura ce kawai ta kama shi. Wani lokaci kuma ciwon ya riga ya sauka cikin huhu, ya zama abin da Bahaushe ke kira ciwon haƙarƙari, likitoci kuma suke kira nimoniya. A irin wannan hali, kwana biyu da aka ɓata ana sirace suna iya zama sanadin rasa yaron.

Tunanin cewa cutar da ta kama hanyar numfashi ta hanyar numfashi ya kamata a bi ta, ba Bahaushe kaɗai ne yake da shi ba. A ƙasar Sin, inda maganin gargajiya yake da jami'o'insa da asibitocinsa, likitoci da dama sun daɗe suna shaƙa wa yara masu ciwon haƙarƙari ruwan magungunan itatuwa ta wata na'ura mai mayar da ruwa hazo, a matsayin ƙari a kan maganin asibiti. Wannan maƙala za ta bayyana yadda ciwon yake kama huhu, da yadda Sinawa suke yin wannan jinya, da abin da bincike ya tabbatar a kanta. Daga nan za ta auna siracenmu da hayaƙinmu da ma'auni guda, domin mai karatu ya san inda kowannensu ke da amfani da inda yake da haɗari.

Mene ne Ciwon Haƙarƙari?

Idan mutum ya shaƙi iska, takan bi ta hanci ta gangara maƙogwaro. A cikin ƙirji maƙogwaro ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya ya nufi na hagu. Kowane reshe kuma ya yi ta rarrabuwa, yana ƙara sirancewa, har kimanin sau 23. A ƙarshen ƙananan rassan akwai wasu 'yan jakunkunan iska da suka yi cincirindo kamar ƙwayoyin dawa a jikin zangarniya. Babban mutum yana da su tsakanin miliyan 300 zuwa 500. Fatarsu siririya ce ƙwarai, jijiyoyin jini sun kewaye ta, ta nan ne iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini, gurɓatacciyar iska kuma ta fito.

Ciwon haƙarƙari yana faruwa ne idan ƙwayoyin cuta suka kai ga waɗannan jakunkuna suka hayayyafa. Jiki yakan tura dakarunsa, wato fararen ƙwayoyin jini, su yaƙe su, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya. Sashen huhun da ya cika haka ya daina karɓar iska ke nan, kamar soson da ya jiƙe sharaf. Don ya cike giɓin, sai yaro ya riƙa numfashi da sauri, yana jan iska da ƙarfi har ƙasan haƙarƙarinsa ya riƙa lotsawa ciki.

Daga cikin ƙwayoyin da suka fi haddasa ciwon akwai bakteriya biyu, Streptococcus pneumoniae da Haemophilus influenzae nau'in b, sai kuma bairos da ake kira RSV wanda ya fi addabar jarirai. Ƙyanda da tarin shiƙa su ma sukan raunana huhu su buɗe wa bakteriya ƙofa. Wasu sukan ce da ciwon sanyin haƙarƙari, suna ɗora laifin a kan iska ko wankan ruwan sanyi. Gaskiyar magana ita ce sanyi ba ya haifar da ƙwayar cuta, sai dai yana tara mutane a ɗaki guda a rufe ƙofa, abin da ke sauƙaƙa yaɗuwarta.

Girman matsalar ya wuce yadda ake zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 ciwon ya kashe yara 740,180 'yan ƙasa da shekara 5, wato kashi 14 cikin 100 na dukkan mace-macen yaran wannan rukuni. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya nuna cewa a 2018 Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa asara, da yara kimanin 162,000, har ta ɗara Indiya wadda ta ninka ta yawan jama'a sau da yawa.

Dalilan da Suka Sa Yaran Karkarar Kano Suke Cikin Haɗari

Tun a 1965 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan daga baya a Jami'ar Bayero, ya bayyana karkarar da ta kewaye Kano a matsayin yanki mai cinkoson manoma, inda ɗaruruwan mutane ke rayuwa a kowace murabba'in kilomita. Gona tana manne da gona, ba a barin saura ta huta, ba kuma daji na kusa da za a shiga a yi itace. Saboda haka makamashin girki ya dogara ne a kan karan dawa da na gero, da rassan da aka sassabo daga itatuwan gona, wani lokaci har da busasshen kashin shanu. Kara yana ci da sauri, yana kuma yawan hayaƙi. Uwa tana tsugune a gaban murhu, jariri yana goye a bayanta, duk abin da ta shaƙa shi ma ya shaƙa. Da dare ya yi a lokacin ɗari, sai a shigar da kaskon wuta ɗaki a toshe kafofi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan rabin mace-macen yara ƙanana daga cututtukan huhu da hayaƙin da ake shaƙa a cikin gida.

Ga kuma ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ta lulluɓe ƙasar Hausa daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Takan busar da cikin hanci da maƙogwaro, ta rage musu ƙarfin tare ƙwayoyin cuta.

Dalili na uku shi ne ƙarancin abinci mai gina jiki. Yaron da tamowa ta kama ba shi da garkuwar da zai yi kokawa da cuta. Haka nan jaririn da aka fara bai wa ruwa ko koko tun bai kai wata 6 ba yana rasa wani kaso na kariyar da nonon uwa ke bayarwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ake shayar da su nono zalla. Idan aka haɗa waɗannan da nisan asibiti da tsadar mota, za a fahimci abin da ya sa iyaye ke fara neman sauƙi daga abin da ke cikin gida.

Yadda Sinawa Suke Yi

Sinawa suna da daɗaɗɗen tarihin rubuta magungunansu. Wajen shekara ta 200 Miladiyya, wani likita mai suna Zhang Zhongjing ya rubuta wani haɗi na zazzaɓi mai tafe da tari da sarƙewar numfashi, wanda ake kira Ma Xing Shi Gan Tang. Abubuwa huɗu ne a cikinsa: tsiron mahuwang, da ƙwallon wani ɗan itace mai ɗaci, da wani farin dutse mai laushi, da wata saiwa mai zaƙi. Dafawa ake yi a sha, kuma har yau ana amfani da shi. A 1885 wani masanin haɗa magunguna na Japan, Nagai Nagayoshi, ya tace sinadarin efedirin daga mahuwang. A 1924 kuma Chen Ko Kuei da Carl Schmidt suka nuna aikinsa a jiki a wata kwalejin likitanci ta birnin Bejin, daga nan aka yi shekaru ana amfani da shi wajen buɗe hanyoyin iska ga masu asma. Wannan ya nuna cewa a cikin tsohon haɗin akwai sinadari mai aiki na gaske.

Shaƙar magani ta na'ura kuwa sabon abu ne. Na'urar, wadda ake kira nebulaiza, tana da ɗan kofi da ake zuba ruwan magani, da inji mai hura iska da ƙarfi, da marufin da ake ɗora wa yaro a hanci da baki. Iskar takan farfasa ruwan ya koma ɗigo-ɗigo ƙanana ainun. Ana auna girmansu da mikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita; kaurin silin gashin mutum yakan kai mikiron 70. Ɗigon da ya wuce mikiron 10 a hanci da maƙoshi yake maƙalewa. Wanda yake tsakanin mikiron 1 zuwa 5 shi ne ke iya gangarawa zuwa ƙananan hanyoyin iska. Da wannan na'ura ake ba masu asma maganinsu a manyan asibitocin Kano.

Abin da likitocin Sin suka riƙa zubawa a cikin na'urar shi ne tatattun ruwan magungunan itatuwa da masana'antu suka haɗa, waɗanda asalinsu don allura aka yi su. Daga cikinsu akwai Shuanghuanglian, wanda aka haɗa daga tsirrai uku, da Xiyanping wanda aka samo daga wani tsiro mai ɗaci, Andrographis paniculata, da Tanreqing, da Yuxingcao.

Akwai wani muhimmin abu da ya kamata mai karatu ya riƙe. A gwaje-gwajen da aka yi, akan raba yara kashi biyu, kuma kowane kashi yana samun cikakkiyar jinyar asibiti, wato maganin kashe bakteriya, da na zazzaɓi, da oksijin ga mai buƙata. Kashi ɗaya ne ake ƙara wa feshin maganin itatuwa. Tambayar da masu binciken suke yi ita ce ko ƙarin yana gaggauta samun sauƙi. Galibi ba su ajiye maganin asibiti gefe don su dogara da feshin kaɗai ba.

Abin da Bincike Ya Nuna

Rahotanni masu yawa da aka buga a mujallun likitanci na Sin sun ce yaran da aka ƙara wa feshin sun fi saurin rabuwa da zazzaɓi da tari, an kuma fi saurin sallamar su. To, amma ƙwararru masu tantance bincike ba su gamsu ba, saboda dalilai kamar haka.

Na farko, gwaji nagari yana buƙatar a raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya tura masu sauƙi-sauƙi zuwa kashin da yake so ya yi nasara. A 2009 Wu Taixiang, wanda shi ma ɗan ƙasar Sin ne, da abokan aikinsa suka tuntuɓi mawallafan dubban gwaje-gwajen da aka buga a mujallun Sin da iƙirarin an yi ƙuri'a, sai suka tarar kimanin kashi 7 cikin 100 ne kaɗai suka yi ta yadda ya dace. Na biyu, ya kamata a ɓoye wa iyaye da likita wanda ya sami maganin da wanda aka fesa wa ruwan gishiri zalla, domin zuciya tana ganin abin da take fata. Galibin gwaje-gwajen ba su yi haka ba. Na uku, yaran da aka gwada kaɗan ne a kowane asibiti, ba a kuma bibiyi illoli da kyau ba. Shi ya sa, da masu tace sakamakon binciken likitanci suka duba gwaje-gwajen magungunan itatuwan Sin a kan ciwon haƙarƙari na yara, suka ga cewa hujjojin da ke akwai ba su isa a tabbatar da amfaninsu ko rashin illarsu ba.

Hukumomin Sin su kansu sun taka birki. A 2006 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta dakatar da allurar Yuxingcao bayan rahotannin mummunan borin jini, har da mace-mace. A 2018 ta hana yi wa yara 'yan shekara 4 zuwa ƙasa allurar Shuanghuanglian. A 2019 kuma wata matsaya da ƙwararrun ƙasar suka fitar game da amfani da nebulaiza ta ce ba a ba da shawarar fesa irin waɗannan ruwan allura ba, domin ba don shaƙa aka haɗa su ba, sinadaran cikinsu suna da yawa, hujjar amfaninsu kuma ba ta cika ba. Hanyar iskar yaro ƙarama ce, abu kaɗan ne zai fusata ta ta tsuke.

Har ila yau, yaron da ke kwance a asibitin Bejin ko Shanghai ya bambanta da na ƙauyen Kunchi ko Tsanyawa. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen Sin an yi su ne a kan wani nau'in ciwon da ƙwayar maikofilasma ke kawowa, wanda ya fi kama yaran da suka tasa, kuma sau da yawa ba ya tsanani. A wajenmu kuwa waɗanda suka fi mutuwa su ne 'yan ƙasa da shekara 2, musamman masu tamowa da waɗanda ba a yi wa rigakafi ba.

Sirace da Hayaƙi a Ma'aunin Kimiyya

Masu maganin gargajiya na ƙasar Hausa sun san itatuwa da dama na tari da mura. Tun a 1916 likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa a littafi, a 1937 kuma ya wallafa wani babba a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Sabara da marke da bagaruwa sanannu ne wajen tari. A tukunyar sirace akan haɗa ganyen darbejiya da na mangwaro da na gwaiba da lemon tsami, wasu su ƙara ɗoɗɗoya ko ganyen bishiyar turare, wadda aka shigo da ita daga Ostareliya aka dasa a shingayen tare iska irin na yankin Dambatta. To, me ke isa huhu daga cikin wannan tukunya?

Kowace mai girki ta san cewa idan ruwan miya ya ƙone, gishirin yana nan a gindin tukunya, bai bi tururi ba. Haka yawancin sinadaran ganye suke. Masu ɗaci da masu bauri a cikin ruwan suke zama. Abin da ke tashi da tururi shi ne mai mai ƙamshi, irin na ganyen turare da ɗoɗɗoya. Shi kansa tururin, da zarar ya taɓa cikin hanci da maƙoshi, waɗanda ba su kai shi zafi ba, sai ya koma ruwa ya tsaya a nan. Saboda haka iyakar aikin sirace shi ne ya ɗumama hanci, ya sa mai mura ya ji kamar hancinsa ya buɗe. Ko a kan murar ma, nazarin da ƙungiyar Cochrane ta sabunta a 2017 bai sami tabbataccen amfani ba. Illarsa ga yara kuwa a fili take, wato ƙuna. A 2020, lokacin annobar korona, da mutane suka rungumi sirace a ko'ina, likitocin asibitin yara na Birmingham a Ingila sun ba da rahoton cewa yaran da ake kawo musu da ƙunar ruwan sirace sun ninka har sau 30. Bayan haka, lulluɓe yaro mai zazzaɓi da bargo a kan tukunya yana ƙara masa zafin jiki, yana kuma rage masa iskar da yake fafutukar samu.

Hayaƙi kuwa labarinsa dabam ne. Ɓurɓushinsa ƙanana ne ƙwarai, da yawa ba su kai mikiron 2.5 ba, don haka yana ratsawa har cikin jakunkunan iska. Matsalar ita ce abin da yake ɗauke da shi. Wuta takan lalata yawancin sinadaran da ke cikin ganye ko sassaƙe, ta bar toka da kwalta da iskar gas mai guba. A jikin hanyoyin iska akwai wasu ƙananan gasu da ido ba ya gani, masu kaɗawa dare da rana suna share majina da ƙura zuwa sama. Hayaƙi yana kashe musu kuzari. Turara yaro mai ciwon haƙarƙari tamkar ƙara masa abin da ya taimaka wajen kayar da shi ne tun farko.

Akwai kuma wata hujja da ta shafi duk wani magani na shaƙa, har da na nebulaiza. Iska tana bin inda hanya take a buɗe ne. Sashen huhun da ya cika da mugunya, wanda shi ne ke buƙatar magani, iska ba ta shigarsa sosai. Jini kuwa yana kaiwa can. Wannan ne ya sa ake ba da maganin ciwon haƙarƙari ta baki ko ta allura, ya bi jini ya cim ma ƙwayoyin cutar a maɓoyarsu.

Wasu al'adu biyu suna buƙatar jan kunne na musamman. Ta farko ita ce ɗura, inda ake toshe wa yaro hanci a zuba masa jiƙo ko kunu a baki. Yaron da ke haki yana iya shaƙe ruwan ya faɗa huhu, ya haifar da sabon ciwo a kan na da. Ta biyu ita ce ɗiga man shanu ko wani mai a hancin jariri. Likitoci a yankin Asir na Saudiyya da kuma Indiya sun bayyana wani ciwon huhu mai wuyar magani da ke samun jariran da aka yi wa haka, domin mai yana silalewa cikin huhu ba tare da ya tayar da tari ba. Haka kuma kafur da man turare da man darbejiya guba ne idan ƙaramin yaro ya haɗiye su, suna iya jawo jijjiga.

Abin da Ya Kamata Iyaye Su Yi

Ba kowane tari ne ciwon haƙarƙari ba, kuma akwai hanya mai sauƙi ta bambancewa wadda ba ta buƙatar komai sai agogo. A bari yaro ya natsu, ba ya kuka, ba ya shan nono. A ɗaga rigarsa a ƙirga sau nawa cikinsa ke tashi a cikin minti ɗaya cikakke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka kamar haka: jariri ɗan ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye, daga wata 2 zuwa wata 11, numfashi 50 ko fiye, daga shekara 1 zuwa ƙasa da shekara 5, numfashi 40 ko fiye. Yaro mai tari da ya kai wannan adadi, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya a ranar, kada a jira gobe.

Akwai alamomin da ke nuna ciwon ya yi tsanani: ƙasan ƙirji yana lotsawa idan yaro ya ja numfashi, ya kasa kama nono ko shan ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, yana jijjiga, ko ya yi laushi ba a iya tashinsa daga barci. Mai irin waɗannan alamomi babban asibiti ya kamata a nufa da shi, kamar na Bichi ko na Dambatta, ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Murtala a cikin birni. A can akan maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa mai auna oksijin na jini. Idan ya gaza kashi 90 cikin 100, sai a sa masa oksijin. A iya cewa oksijin ne maganin shaƙa da aka tabbatar yana ceton ran mai ciwon haƙarƙari.

Maganin da aka fi ba wanda ciwonsa bai yi tsanani ba shi ne amoksisilin, mai narkewa a cikin cokalin ruwa ko nono, na kwana 3 zuwa 5 gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya tsara. Wajibi ne a shanye shi duka ko da yaro ya warware. A gida kuma a ci gaba da shayarwa, a yawaita ba shi abin sha, a nisanta shi daga murhu. Yaron da ya haura shekara 1 ana iya ba shi zuma da lemon tsami a ruwan ɗumi don lafa tari, amma ba a ba wanda bai kai shekara ba zuma. Tarin da ya wuce mako 2 yana buƙatar gwajin tarin fuka.

Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani. Nijeriya ta shigar da allurar Penta, wadda ta ƙunshi kariya daga Haemophilus da tarin shiƙa, a 2012, ta kuma fara allurar PCV ta Streptococcus pneumoniae a ƙarshen 2014, wadda ta iso Kano a 2016. Ana yin su kyauta a mako na 6 da na 10 da na 14, ta ƙyanda kuma a wata na 9. Wani bincike da aka gudanar a Kumbotso, aka buga a 2023, ya nuna cewa bayan zuwan PCV nau'o'in ƙwayar da allurar ke yaƙa sun ragu a hancin jama'a, har da manyan da ba a yi wa allurar ba.

Kammalawa

Duk abin da aka faɗa ba ya nufin a raina itatuwanmu. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a yau, atimisinin, daga wani tsiron Sin ɗan uwan tazargade aka samo shi. Tu Youyou da abokan aikinta ne suka tace shi a 1972 bayan sun bi diddigin tsofaffin littattafan magani, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Abin lura shi ne hanyar da maganin ya bi: an ware sinadarin, an auna ƙarfinsa da gubarsa a ɗakin gwaji, an gwada a dabbobi, sannan a mutane. Ita ce hanyar da sabara da marke da bagaruwa suke jira daga sassan nazarin magunguna na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, da Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mutanen Kano kuma ba su manta da gwajin Trovan na 1996 ba, saboda haka duk gwajin da za a yi a kan yara dole ne ya kasance da sanin iyaye da yardarsu, da sa idon hukuma.

Kafin a kai ga nan, darasin da ke cikin abin da Sinawa suka yi a fili yake. Suna da na'ura, suna da tatattun magunguna, duk da haka a matsayin ƙari suka ajiye feshin itatuwa, kuma ƙwararrunsu suna ja da baya daga gare shi. Tururin tukunya a hanci yake tsayawa, hayaƙin garwashi kuma ɓarna yake kaiwa huhu. Masu maganin gargajiya da ungozomomi, waɗanda su ne ake fara kai wa yaro a ƙauye, za su yi babban taimako idan suka koyi ƙirga numfashi, suka kuma san lokacin da za su ce wa uwa ta ɗauki ɗanta ta nufi asibiti.